Zane Marar Sura: Mene Ne Shi, Kuma Wa Ke Yanke Masa Farashi?

Lokaci-lokaci labari kan ɓulla a Facebook ko WhatsApp cewa an sayar da wani zane a Landan ko New York kan miliyoyin daloli. Idan aka buɗe hoton, babu mutum, babu doki, babu gida, sai launuka a shimfiɗe ko a watse. Nan take wani zai ce ko ɗan firamare zai iya wannan. Wani ya ce dabarar halasta kuɗin haram ce. Wani kuma ya ce shirmen waɗanda kuɗi ya yi wa yawa ne.

A da ana iya yin dariya a wuce, tun da abin yana can ƙetare. Yanzu ya matso gida. Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen koyar da zane, kuma cikin ayyukan da ɗaliban irin wannan sashe ke fitowa da su akwai zane-zanen da ba a ganin surar komai a cikinsu. Iyaye na tambayar ko wannan sana'a ce da za ta ciyar da mutum, masu otal da ofisoshi kuma na tambayar abin da ya sa za su biya kuɗi mai kauri a kan abin da ba su gane ba. Yawancin ruɗanin ya taso ne daga cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba: darajar zane a ido, da farashinsa a kasuwa.

Ma'anar kalmomin

Zane mai sura shi ne wanda ke kwaikwayon abin da ido ya sani, kamar fuskar sarki, ko mahayi a hawan daba, ko kasuwa. Zane marar sura, wanda masu harkar ke kira abstirak, ya ajiye wannan kwaikwayo. Kayan aikinsa layi ne da launi da siffofi irin su da'ira da murabba'i, da kaurin fenti ko tsinkewarsa, da yadda aka raba fili. Tsakanin biyun akwai matakai. Wani mai zane yakan faro daga abu na zahiri, a ce Dutsen Eggon ko gangarowar Farin Ruwa, ya yi ta rage masa kamanni har sai nauyin dutsen ko saurin ruwan kaɗai ya saura. Wani kuwa ba ya faro daga komai sai launin kansa.

Kambas shi ne ƙyalle mai kauri da ake ɗaurewa a jikin katako a yi zane a kai. Akirilik fenti ne da ake tsinkawa da ruwa, yana bushewa da wuri. Fentin mai kuwa yakan ɗauki kwanaki kafin ya kame. Galari shago ne ko zaure da ake baje kolin zane ana sayarwa a madadin mai shi, a cire la'ada. Gwanjo a nan ba ya nufin tsofaffin kaya. Ciniki ne a bainar jama'a, masu saye suna tayawa ɗaya bisa ɗaya, a sallama wa wanda tayinsa ya fi.

Tushensa a Turai

Tun da kyamara ta bayyana a 1839, aikin kwaikwayon fuska ya fara suɓuce wa masu zanen Turai, suka shiga neman abin da fenti zai iya wanda kyamara ba ta iyawa. Hilma af Klint ta ƙasar Siwidin ta fara zane marar sura a 1906. Wassily Kandinsky na Rasha ya biyo baya wajen 1911, shi ne kuma ya yawaita kwatanta launi da sautin kiɗa. A 1915 Kazimir Malevich ya rataye baƙin murabba'i a kan farin fili ya ce zane ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu harkar ta koma New York, inda Jackson Pollock ke shimfiɗa kambas a ƙasa yana ɗiga fenti, Mark Rothko kuma ke jera manyan filayen launi biyu ko uku. Wannan shi ne tarihin da ake koyarwa a aji, shi ne kuma ya sa mutane da yawa ke ɗaukar abin baƙo ne.

Abin da idonmu ya riga ya saba da shi

A dubi allon zayyana na saukar Alƙur'ani. Mai zayyana yakan bar fili don Fatiha ko farkon Baƙara, sannan ya kewaye shi da gidaje-gidaje na murabba'i da da'ira da kusurwa uku, ja a nan, rawaya a can, kore a tsakani, baƙar tawada tana raba su. Babu surar komai a ciki. Duk da haka idan ɗalibi ya ɗauki allon yana zaga dangi, babu mai tambayar me wannan da'irar take nufi. Ana duba daidaiton layi, da yadda launuka suka zauna da juna, a ce wannan hannu ya iya, ko a ce an yi gaggawa. Wannan hukunci da tsohuwa ke yankewa a tsakar gida, shi ne ainihin hukuncin da ake yanke wa zane marar sura a kowace galari.

Haka abin yake a aikin babbar riga, aska biyu da aska takwas da tambari. Haka yake a hular zanna, wadda Lafiya, garin da Barebari suka kafa, ba baƙuwarta ba ce. Haka yake a zanen bangon gidajen birnin Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram, da dagin Arewa, da sassaƙar ƙwarya, da saƙar faifai, da ƙunshin amare. Tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, suna ɗauke da ƙadangare da kunama da kifi, amma an miƙe su an lanƙwasa su har sun kusa komawa layi zalla. A 1976 David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan, kuma mafi yawan abin da aka nuna irin wannan ado ne.

Sai dai a yi adalci, akwai masana da ba su yarda a daidaita biyun ba, kuma suna da hujja. Aska takwas tsari ne gadajje mai suna da ƙa'ida, maɗinki ba ya sake shi yadda ya ga dama. Riga ana sa ta, ƙwarya ana zuba fura a ciki, bango yana tsare gida. Zanen kambas ba shi da wani amfani sai kallo, kuma ana sa ran kowane ɗaya ya zama sabo, ɗauke da sa hannun mutum guda. Saboda haka abin da yake baƙo a wurinmu shi ne a raba ado da abin amfani, a rataye shi shi kaɗai, a kuma biya kuɗi saboda sunan wanda ya yi. Rashin sura kam mun daɗe da shi.

Zariya da Khartum

Koyar da zane a matakin gaba da sakandare ya kafu a Arewa ne a 1955, lokacin da aka ɗauko sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya. Kwalejin ce ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Matsayarsu ita ce a karɓi kayan aikin Bature da dabarunsa, amma a cika su da abin gida. Okeke ya koma ga uli, zanen jiki da bango na matan Ibo, ya mayar da shi harshen zanensa.

Daga baya Gani Odutokun, malami a sashen har zuwa rasuwarsa a hatsarin mota a 1995, ya shahara da wata dabara: a tsinka fenti ya zama ruwa-ruwa, a zuba a kan kambas a bar shi ya gangara ya haɗu da wani launi, sannan mai zane ya bi abin da ya fito, ya ƙarfafa wani wuri ya danne wani. Mai kallo daga nesa zai ce ɓari ne. Wanda ya gwada ya san cewa launi uku idan suka haɗu ba bisa lissafi ba, laka suke komawa, kuma sanin lokacin da za a ɗaga hannu shi ne rabin aikin. Farfesa Jerry Buhari, ɗan kudancin Kaduna, ya ci gaba da irin wannan salo a Zariya, yana amfani da shi wajen magana kan lalacewar muhalli da halin ƙasa. Da yawa cikin malaman zane a manyan makarantun Arewa daga wannan sashe suka fito.

Labarin Ibrahim El-Salahi na Sudan ya fi kusa da matsalar masu zanen Lafiya. An haife shi a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo. Ya yi karatun zane a Landan, ya dawo ya baje kolin irin abin da ya koyo, mutanen Khartum ba su kula ba. Sai ya duba abin da suke ratayewa a ɗakunansu, ya ga rubutun Larabci ne da ado. Ya koma ga harafi, yana ja yana karya shi har ya fita daga karatu ya zama siffa. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya shirya baje kolin ayyukan rayuwarsa. Bai rage ingancin aikinsa don ya samu karɓuwa ba, ya dai yi magana da abin da idon mutanensa ya sani.

Matsayin addini

Saɓanin malaman Musulunci kan zane ya ta'allaƙa ne ga surar abu mai rai. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura suna cikin Bukhari da Muslim, kuma a cikinsu ne aka ruwaito Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Zane marar sura bai shiga wannan saɓani ba tun farko, shi ya sa adon masallatai daga Andalus zuwa Isfahan ya ginu a kan lissafin siffofi da rubutu. Inda ake bukatar hattara shi ne idan aka shigar da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah cikin zane, domin daga nan hukuncin girmama rubutun ya hau kansa, har da inda za a rataye shi. A jiha irin Nasarawa, inda Musulmi da Kirista ke zama ofis ɗaya, zanen da ba ya ɗauke da fuskar kowa ko alamar kowa yana da sauƙin shiga ko'ina.

Yadda farashi ke samuwa

A nan gizo ke saƙar. Kuɗin kambas da fenti da katako da firam su ne ƙasan farashi, kuma ga sabon mai zane kusan su ne duka, sai ɗan ladan kwanakin da ya yi. Abin da ke ɗaga farashi sama da haka yana wajen zanen: wane ne ya yi, a ina ya taɓa baje koli, wace galari ke tsaya masa, wane gidan tarihi ko sanannen mai tara zane ya taɓa sayen aikinsa, nawa aka sayi na baya, kuma nawa suka rage a kasuwa. Mai sayen babbar riga ya san wannan lissafi. Aikin hannu na sanannen maɗinki da aikin inji suna iya kama da juna daga nesa, amma ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma wanda ya san riga ba ya ganin an cuce shi.

A watan Mayun 2012 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da wani zanen Rothko na 1961, mai launin ruwan lemo da ja da rawaya, kan kusan dala miliyan 87. Rothko ya rasu tun 1970, ba za a ƙara samun sabo ba, manyan gidajen tarihi sun riƙe da yawa, attajirai kuma suna rububin ragowar. Farashin nan labarin ƙarancin kaya ne da gasar masu kuɗi. Ba awo ba ne na cewa zanen ya fi na wani kyau sau dubu.

Masu zargi ma ba a banza suke magana ba. Galarin Knoedler ta New York, wadda ta haura shekara 160 tana aiki, ta rufe a 2011 bayan an gano ta yi shekaru tana sayar da jabun zane da sunan Rothko da Pollock da wasu. Wani mai zane ɗan ƙasar Sin ne ke yin su a unguwar Queens, kuma cinikin jabun gaba ɗaya ya kai kimanin dala miliyan 80. Ƙwararru sun kalla sun yaba. Da aka cire sunan, farashin ya faɗi warwas, alhali fentin bai sauya ba. Batun halasta kuɗin haram kuwa, ya isa damuwa har Tarayyar Turai ta wajabta wa dillalan zane, daga 2020, tantance duk mai cinikin da ya kai yuro 10,000. Amma wannan matsalar saman kasuwa ce. Ɗora ta a kan matashin da ke neman a mayar masa da kuɗin fentinsa rashin adalci ne.

A Nijeriya kasuwar tana Legas. Kamfanin Arthouse Contemporary ya fara gwanjo a 2008, baje kolin ART X Lagos ya fara a 2016. Abuja tana da galari irin su Thought Pyramid da reshen Nike Art Gallery. Zanen Tutu na Ben Enwonwu, wanda aka sayar kan fam miliyan 1.2 a Bonhams ta Landan a 2018, hoton fuska ne, kuma har yanzu masu saye da yawa a ƙasar nan sun fi sakin jiki da abin da suke iya ganewa. Duk da haka ayyukan El Anatsui, ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka, waɗanda yake ɗinkawa da murafun kwalabe ba tare da surar komai ba, sun haura dala miliyan ɗaya a gwanjo.

Halin da ake ciki a Lafiya

Lafiya ta zama babban birnin jihar Nasarawa a 1996, kuma tattalin arzikinta na albashi ne da noma da kasuwanci. A gari irin wannan, abin da ya saba ciyar da mai zane shi ne allon shago, da rubutu a jikin mota, da hoton sarki ko ɗan siyasa da za a kai kyauta. Injin buga bana ya cinye kaso mai yawa na wannan aiki. A ɓangaren ado kuma, hotunan da inji ya buga aka shigo da su daga waje suna cike shaguna da araha, kuma mai saye da yawa ba ya bambance su da aikin hannu. Kayan zane masu inganci yawanci daga waje suke zuwa. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, fenti da burushi suka bi ta.

Abin da Lafiya take da shi shi ne kusanci da Abuja. Ta hanyar Akwanga da Keffi, wadda aka tagwaita, mai zane zai iya kai aiki ya dawo a yini guda. Can ne otal-otal da bankuna da ofisoshin jakadanci da masu ƙawata gidaje suke, su ne kuma suka fi sayen zane marar sura, domin yana cika babban bango ba tare da ya jawo gardama ba. Amma galari takan ɗauki la'adar da ke iya kaiwa rabin kuɗin, kuma ba ta karɓar wanda ba shi da tarihin baje koli. Instagram da WhatsApp sun buɗe wata ƙofa, sai dai waya ba ta nuna girman zane da kaurin fentinsa, ga matsalar yarda tsakanin wanda zai tura kuɗi da wanda zai tura kaya, ga kuma masu kwafe hoto su buga.

Masu zanen kansu ba bakinsu ɗaya ba. Wasu na ganin a yi abin da kasuwa ke so, a duba launin kujerun mai gida a yi masa zanen da zai dace. Wasu na ganin wannan hanya ce ta zama lebura, kuma suna ba ya ginuwa a kanta. Gaskiyar ita ce mafi yawansu suna yin duka biyun, ɗaya na ciyar da ɗaya, kuma babu abin kunya a ciki. Abin da ya fi cutarwa shi ne wanda bai ƙware a zanen hannu ba ya fake da rashin sura, ya watsa fenti ya kwaikwayi farashin intanet. Irin wannan ne ke ƙarfafa masu cewa ko yaro zai iya. Okeke da Odutokun da El-Salahi duk sun iya zana mutum sarai kafin su zaɓi wata hanya.

Kan tallafin gwamnati ma ra'ayi ya rabu. Akwai Hukumar Adana Zane-zane ta Ƙasa tun 1993, kuma a 2023 an kafa ma'aikatar tarayya ta fasaha da al'adu, aka naɗa Hannatu Musawa minista. Wasu na cewa jihar da ke fama da makarantu da asibitoci ba ta da rarar sayen zane. Wasu na amsawa da cewa ana kashe kuɗin ƙawata ofisoshi da masaukan baƙi ko ta yaya, tambayar kawai ita ce aljihun wa za su shiga. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, domin ba sabon kasafi take nema ba.

Idan babu kasuwar gida, abin da zai biyo baya a bayyane yake: masu hazaƙa su koma Abuja da Legas, sauran su bar sana'ar, ayyuka masu kyau su fita jihar ba tare da an rubuta ko sunansu ba. Wannan ƙasa ta taɓa ganin haka. Sassaƙen mutanen Afo na jihar Nasarawa suna cikin gidajen tarihi na Turai, har da na Horniman a Landan, ba tare da sunayen waɗanda suka sassaƙa su ba.

Ga mai saye da mai sayarwa

Mai saye ya ga zanen da idonsa in da hali, ya duba ta gefe ya ga tudun fenti da sawun burushi, domin bugun inji sumul yake. Ya nemi sa hannu da shekara, ya karɓi rasit mai ɗauke da sunan mai zane da girman aikin da irin fentin. Ya sayi abin da zai so ya riƙa gani kullum, da kuɗin da ba zai dame shi ba, domin mafi yawan zane-zane a duniya ba a sake sayar da su da riba. Ya kuma sani cewa a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, sayen zane bai ba shi izinin buga shi a kalanda ko riga ba, sai da yarjejeniya a rubuce.

Dokar ta kuma tanadar wa mai zane kaso idan aka sake sayar da aikinsa ta gwanjo ko ta hannun dillali, amma wanda bai ajiye hoto da kwanan wata da sunan mai saye ba, ba shi da abin kafa hujja. Ajiye littafin rubuta kowane aiki shi ne farkon suna. Haka kuma tsayar da farashi ɗaya: wanda ya sayar wa baƙo da tsada ya sallama wa maƙwabci a kashi ɗaya cikin goma, ya rushe darajar aikinsa da hannunsa.

Kira na ƙarshe ga jami'a da ma'aikatar al'adu ta jiha da masu manyan otal na Lafiya ne: a samar da zaure guda da za a riƙa baje kolin ayyukan ɗalibai da na masu zanen gari sau ɗaya a shekara, a gayyato masu zayyana da maɗinka su jera nasu a gefe, a rubuta farashi a jikin kowane aiki, a ba duk wanda ya saya rasit.